Zauren Mushe: Wa Ya Tsaya Wa Ɗan Kwangila?

 A wannan wata zaurenmu zai tattauna ne a kan wata magana wadda mutane da yawa suke ɗauka ta manyan ofisoshi ce, alhali kuwa ta shafi 'ya'yanmu da aljihunmu da mutuncinmu, watau maganar lamunin da ake nema wajen 'yan kwangilar gini.

Abin da ya jawo wannan zance shi ne, ranar wata kasuwa ina wucewa ta layin 'yan albasa sai wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, ya yafuto ni. Bayan mun gaisa sai ya zaro wata takarda daga aljihun babbar rigarsa ya ce, "Mushe, kai da ka yi lakwal, duba mini wannan. Ɗan ƙanwata ne ya sami kwangilar gini, banki kuma ya ce sai wani babba ya sa masa hannu. Ya ce mini shaida ce kawai." Da na karanta kan takardar sai na ga kalmomi biyu na Faransanci, caution solidaire. Na ce masa, "Baba Alhaji, wannan ba shaida ba ce, lamuni ne. In yaron nan ya kasa, kai za a bi." Sai ya yi shiru, ya gyara hularsa, ya ce, "To, ashe da sauran magana." Da sauran magana kuwa, ita ce kuma nake so mu yi a yau.

Kafin in shiga cikinta, bari in ba ku labarin abin da ya same ni a farkon aikina, bayan na fito daga makarantar horon malamai. An tura ni wani ƙauye wanda ba zan ambaci sunansa ba. Na tarar an ba wani mutum kwangilar gina azuzuwa uku da ofis da ɗakin ajiya, irin ginin nan da kowa ya sani a makarantunmu. An yi tushe, bango ya tashi har ya kai saman taga, sai aiki ya tsaya. Aka ce siminti ake jira. Daga baya aka ce kwano ake jira. Daga nan sai aka daina cewa kome. Damina uku na yi a garin ina koyarwa cikin rumfar zana, ga bangon gini a gabanmu awaki suna kwana a ciki. In hunturu ya buso, ƙura ta rufe allo da littattafai. In hadari ya taso, sai a sallami yara. Wata rana shugaban ƙungiyar iyayen yara, wani tsohon mai fataucin shanu, ya yi mini tambaya guda: "Malam, shi wannan mai ginin, wa ya tsaya masa?" Ban iya ba shi amsa ba, domin a lokacin ban ma san doka ta tanadi wani abu mai kama da haka ba. Tambayar nan ta daɗe tana damuna.

Lamuni Ba Baƙonmu Ba Ne

Tsohon nan bai yi tambayar a banza ba, da hankalin kasuwa ya yi ta. Mu Hausawa mun san lamuni tun kafin a gina gadar da ta haɗa mu da Gaya a 1958, tun ma kafin zuwan Faransawa. Kakanninmu da suka riƙa ratsa ƙasar Borgu, ta Nikki da Djougou, suna zuwa Gwanja ɗauko goro, ba banki suke da shi ba. Abin da suke da shi shi ne mai gida a kowane zango. Baƙo ya sauka da dabbobinsa ko kayansa, mai gida ya samo masa mai saye, in kuwa bashi za a bayar, mai gida ne zai ce, "Na san shi, na tsaya masa." In mai saye ya karye ko ya gudu, mai gida ne zai biya daga aljihunsa, domin in bai biya ba babu baƙon da zai sake sauka a gidansa. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda cinikin shanu a can ya dogara a kan wannan lamuni na masu gida. Malamanmu kuma sun san babinsa a littattafan fiƙihu.

To, abin da gwamnati take nema wajen ɗan kwangila shi ne ainihin wannan. Bambancin kawai shi ne, a maimakon mai gida sai a ce banki ko kamfanin inshora, a maimakon baki kuma sai a ce takarda.

Igiyoyi Huɗu

Tushen dokar ya fito ne daga ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, wadda ta fitar da ƙa'idojin ba da kwangilar gwamnati a watan Disamba na 2005. A nan Benin an yi dokar kwangiloli a 2009, aka sake ta a 2017, sa'an nan aka kafa doka mai lamba 2020-26 ta ranar 29 ga Satumba 2020. Akwai kuma hukumar ARMP mai sa ido a kan yadda ake ba da kwangila. Kafin ma a saurari mutum, sai ya nuna cewa kamfaninsa yana da rajista, yana da lambar haraji ta IFU, kuma ba a binsa bashin haraji ko na asusun ma'aikata na CNSS. Bayan wannan sai a ɗaure shi da igiyoyi huɗu. Bari mu ɗauki misali da aikin da kuɗinsa ya kai miliyan 20 na sefa, domin lissafin ya yi sauƙi.

Igiya ta farko ita ce lamunin neman aiki, wanda takardu suke kira garantie de soumission. Ƙa'idar UEMOA ta ce tsakanin kashi 1 zuwa kashi 3 cikin 100 ne. A misalinmu kashi 1 ya kama jikka 200 ke nan. Amfaninsa shi ne, kada mutum ya taya aiki da wasa, a ba shi, sa'an nan ya ce ya fasa. In ya fasa, kuɗin sun tafi.

Ta biyu ita ce lamunin kuɗin kafin alƙalami, watau kuɗin da ake ba ɗan kwangila ya soma aiki. UEMOA ta hana su wuce kashi 30 cikin 100, a ayyukan gini a nan kuwa kashi 20 aka saba gani, watau miliyan 4 a misalinmu. Nan ne ramin da ya fi cin dukiyar jama'a, domin mai mugun nufi da zarar ya karɓi waɗannan kuɗi sai ya tafi ya sayi mota ko ya ƙara aure. Saboda haka ake neman banki ya rubuta cewa in ba a yi aikin kuɗin ba, shi zai mayar da su.

Ta uku ita ce lamunin kammala aiki yadda aka yi alkawari, garantie de bonne exécution, wanda ba ya wuce kashi 5 cikin 100, watau miliyan 1. Wannan shi ne amsar tambayar tsohon nan mai fataucin shanu. In ɗan kwangila ya watsar da aiki, hukumar da ta ba shi tana da ikon karɓar waɗannan kuɗi daga wajen wanda ya tsaya masa.

Ta huɗu kuwa ita ce abin da ake riƙewa daga kowane biya, retenue de garantie, shi ma ba ya wuce kashi 5. Idan an gama gini sai a yi karɓa ta wucin gadi, a jira wani wa'adi, galibi shekara guda, a ga yadda ginin zai yi da rana da ruwa da iska. In bango bai tsage ba, rufi bai yi yoyo ba, sai a yi karɓa ta ƙarshe a saki kuɗin. In aibi ya bayyana kuma mai aikin ya ƙi gyarawa, da kuɗin za a gyara. Ni a ganina wannan ita ce igiya mafi hikima ga gari irin namu da yake bakin kogi. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010 a Malanville da Karimama ya san cewa damina ita ce babbar mai duba gini.

Ban da waɗannan huɗu, akwai tsohuwar ƙa'ida da muka gada daga dokar Faransa ta 1804, wadda ta ce magini yana ɗauke da alhakin ginin da ya yi har shekara 10 in ya rushe saboda mugun aiki.

Ba mu kaɗai ba ne muke da irin wannan tsari. A Nijeriya dokar kwangila ta 2007 ta ce lamunin neman aiki kada ya wuce kashi 2, na kammala aiki kuwa kada ya gaza kashi 10. A Amurka tun 1935 dokar da ake kira Miller ta wajabta lamuni a kan manyan gine-ginen gwamnatin tarayya. A jihar Kalifoniya ma abin ya wuce nan: ba a ba magini lasisin sana'a sai ya kawo lamuni, wanda aka ɗaga zuwa dala 25,000 a farkon 2023, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Wannan lamuni nasu yana kare har talakan da ya ba da aikin gidansa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To Me Ya Sa Ake Ganin Kangaye?

Mai karatu zai ce, "Mushe, in dai akwai waɗannan igiyoyi, me ya sa ko'ina muka duba sai mu ga ginin da aka soma ba a gama ba?" Tambaya ce mai kyau. Ko ginin majalisar dokoki da aka soma a Porto-Novo a zamanin shugaba Boni Yayi ya tsaya shekara da shekaru, daga ƙarshe aka bar shi, aka soma wani sabo a 2021 bisa zanen Francis Kéré, ɗan ƙasar Burkina Faso. In haka ta faru a babban birni, ina ga ƙauyen da ba a zuwa sai da kwalekwale?

Dalili na farko shi ne, igiya ba ta ɗaure kanta. Takardar lamuni tana da wa'adi. In aiki ya tsaya, wanda alhakin ya rataya a wuyansa ya yi shiru, ko don kunya, ko don sanayya, ko don an sa masa wani abu a aljihu, har wa'adin ya wuce, to takardar ta zama ta ƙunshe ƙosai. Na biyu, akan sami masu kawo takardun jabu, shi ya sa ARMP take hana wasu kamfanoni neman kwangila na wani lokaci, tana kuma bayyana sunayensu.

Dalili na uku kuwa, dole ne mu faɗi gaskiya, ba kullum ne laifin yake wajen ɗan kwangila ba. Na san magina masu tsoron Allah waɗanda suka yi aiki tsakani da Allah, aka bar su suna zarya wata da watanni ba a biya su ba, ga mai siminti yana binsu, ga lebura yana binsu, ga banki yana lissafa ruwa. Bankin nan kuma ba kyauta yake tsayawa mutum ba. Yana karɓar ladansa, sau da yawa kuma sai ya nemi a ajiye kuɗi, ko takardar fili, ko a kawo wani mai hali ya tsaya, kamar yadda aka nemi Baba Alhaji. Ƙaramin magini ɗan gari wanda ba shi da kowa sai ya ga aikin garinsu ya tafi hannun na nesa. Dokar 2020 ta ɗan sassauta, domin ta yarda ƙananan kamfanoni su kawo wasiƙar alkawari a maimakon takardar banki wajen neman aiki. Matasanmu masu sana'ar gini su san da wannan, musamman ganin yadda rufe gada a 2023 ya karya jarin mutane da yawa a garin nan.

Kada wani ya ɗauka asarar kuɗi ce kawai. A watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekara aka sake yin irinta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi. Ranar da na ji wannan labari a rediyo, rumfar nan tawa ta dā ce ta faɗo mini a rai, da yaran da na tara a cikinta. Duk ajin da aka biya kuɗinsa ba a gama ba, wata rumfa ce aka bari a tsaye.

Ga Wanda Aka Ce Ya Sa Hannu

Yanzu mu koma ga Baba Alhaji da ire-irensa. Dokar da ta shafi mai tsaya wa wani ita ce ta ƙungiyar OHADA, wadda ƙasashe 17 suke bi, har da Benin da Nijar. A nan Kwatano aka amince da ita ranar 17 ga Afrilu 1997, aka sabunta ta a Lome a watan Disamba na 2010. Ga abubuwa biyar da ya kamata kowa ya haddace.

Na ɗaya, ba a ɗora wa mutum lamuni da zato. Sai da takarda, kuma mai tsayawa ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da haruffa da kuma lambobi. In an sami saɓani, abin da aka rubuta da haruffa za a bi. Na biyu, wanda bai iya rubutu ba, dole a kawo shaidu biyu su tabbatar cewa shi ne, yana nan, kuma an bayyana masa ma'anar abin da yake shiga da abin da zai biyo baya. Ka zo da naka shaidun, waɗanda ka amince da su, kada ka yarda da waɗanda mai neman lamunin ya kawo. Na uku, in ba a rubuta akasin haka ba, doka tana ɗaukar lamunin a matsayin solidaire, watau da zarar an nemi mai bashi ya biya bai biya ba, ana iya juyowa kanka ba tare da an fara sayar da kayansa ba. Na huɗu, bashin da ya riga ya hau kafin mutum ya rasu ba ya mutuwa da shi, yana wucewa ga magada. Na biyar, in ka biya, kana da hakkin bin wanda ka tsaya wa ya mayar maka, amma kun san yadda bin ɗan'uwa bashi yake.

Ba ina cewa kada a taimaki zumu ba ne. In babu masu tsayawa, babu yaron da zai tashi. Amma mai gida na dā ba ya tsaya wa wanda bai sani ba, ba ya kuma ɗaukar abin da ya fi ƙarfin rumbunsa.

Ga Mai Gina Nasa

Igiyoyin nan huɗu na aikin gwamnati ne. Kai da za ka gina gidanka, ko shago, ko ku da kuka yi karo-karo don masallaci ko makarantar Islamiyya, ba ku da irin gatan mutumin Kalifoniya. Sai ku ƙulla taku igiyar da hannunku. A rubuta yarjejeniya ko da da ajami ne, a sa yawan ɗakuna da irin bulo da ƙarfe da ranar gamawa. Kada a ba da kuɗi gaba ɗaya: a biya na tushe in an gama tushe, na bango in ya kai saman taga, na rufi in an rufa, na shafe in an shafe. A riƙe wani ɗan kaso, ko da biyar cikin ɗari, sai damina ta wuce. A nemi wani sananne ya tsaya wa maginin a gaban shaidu. A je a ga aikin da ya yi a baya, a kuma tambayi mai gidan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Magini na ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba, shi ma kariya ce gare shi ranar da mai gida zai ce, "Ai ba haka muka yi ba." Tun ran gini, ran zane.

Ga iyayen yara kuwa, tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a Disamba 2002, gina makarantun firamare ya dawo hannun ƙananan hukumomi 77 na ƙasar nan, asusun FADeC da aka kafa a 2008 kuma ya riƙa tura musu kuɗin irin waɗannan ayyuka. Watau abin ya matso kusa da mu. Daga Garou zuwa Guéné, daga Madécali zuwa Tomboutou, duk inda aka kafa allon aiki, a sami yaro ɗan makaranta ya karanta wa iyaye sunan kamfani da wa'adin gamawa, a rubuta a ajiye. In wa'adi ya wuce aiki na tsaye, shugabannin ƙungiyar iyaye su tafi ma'aikatar magajin gari cikin ladabi su tambaya: nawa aka biya, wane banki ne ya tsaya, yaushe lamunin zai ƙare? Mu Hausawa mun cika cewa mu baƙi ne, ba ruwanmu da harkar hukuma. Wanda yake biyan kuɗin rumfa a kasuwa, 'ya'yansa kuma suna cikin ajin, ba baƙo ba ne a wannan magana.

Shi kuwa Baba Alhaji, bai ƙi ɗan ƙanwarsa ba, bai kuma sa hannu ran nan ba. Ya hau babur ya je ya ga gine-gine biyu da yaron ya yi, ya kira manyan 'ya'yansa ya sanar da su, sa'an nan ya ce a sake takarda a rubuta iyakar abin da zai iya ɗauka, ba tare da an taɓa gidan da iyalinsa suke ciki ba. Yaron ya ɗan yi fushi, amma ya dawo. Ginin yana tafiya, muna kuma roƙon Allah ya sa a gama lafiya.

A nan zan dasa aya. Duk mai gyara ko ƙarin bayani, musamman 'yan'uwa magina da ma'aikatan banki, ƙofar zaure a buɗe take, a aiko ta ofishin wannan jarida. Allah ya tsare mu da ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinmu, ya ba mu ikon riƙe amana. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.